Shin ɗa na ɗaukar zunubin mahaifinsa? Muhawarar da ke cikin Baibul

Ɗaya daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna jawo muhawara tsakanin masu nazarin Baibul ita ce ko Ubangiji yana kama 'ya'ya da laifin da iyayensu suka aikata, ko kuwa kowa nasa kawai zai ɗauka.

Abin da ya sa tambayar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne, dukkan amsoshin biyu suna nan a rubuce a cikin littafin. Masu sukar Baibul kan kawo wannan a matsayin hujjar cewa yana tufka da warwara, yayin da masu kare shi ke cewa rashin fahimta ce kurum. Sai dai wanda ya bi ayoyin a tsanake zai tarar da cewa su kansu marubutan littafin sun san da wannan matsala, kuma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kai-kawo a kanta.

A littafin Fitowa, sura ta 20 aya ta 5, wato a tsakiyar Dokoki Goma da Yahudawa da Kirista suka yi imani an ba Annabi Musa (AS), an bayyana Ubangiji a matsayin mai bibiyar laifin iyaye a kan zuriyarsu har tsara ta uku da ta huɗu. An maimaita wannan batu a sura ta 34 ta littafin, da littafin Ƙidaya sura ta 14, da kuma Maimaitawar Shari'a sura ta 5. A galibin waɗannan wurare an haɗa shi da alƙawarin rahama ga dubbai, abin da malamai ke cewa yana nuna rahamar ta fi azabar yawa nesa ba kusa ba.

To amma a cikin wannan littafi na Maimaitawar Shari'a, sura ta 24 aya ta 16, an hana kashe iyaye saboda 'ya'yansu ko 'ya'ya saboda iyayensu. Sura ta 18 ta littafin Ezekiyel kuwa kusan ɗungurungum a kan wannan batu ta tsaya: wanda ya yi zunubi shi ne zai mutu, ɗa ba ya ɗaukar na uba, uba ba ya ɗaukar na ɗa.

Labarai masu cin karo da juna

Da a ce a ƙa'ida kawai saɓanin ya tsaya, da da sauƙi. Labaran da ke cikin Tsohon Alkawari su ma sun rabu gida biyu.

Littafin Sarakuna na biyu ya ba da labarin Amaziya, sarkin Yahuza, wanda fadawa suka kashe mahaifinsa. Da mulkinsa ya kafu ya kashe waɗanda suka yi kisan, amma ya ƙyale 'ya'yansu, kuma marubucin ya ce ya yi haka ne don bin dokar Musa. Haka nan a littafin Ƙidaya, bayan labarin haɗiye Kora da ƙasa ta yi, wanda malaman tafsiri da dama ke ganin shi ne Ƙaruna, an dawo a sura ta 26 an faɗa ƙarara cewa 'ya'yansa ba su mutu ba. Littafin Farawa ma ya nuna Annabi Ibrahim (AS) yana roƙon kada a halaka masu gaskiya tare da miyagu a Saduma, yana ta rage adadin mutanen kirkin da za a ceci garin dominsu daga 50 har zuwa 10.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai labarin Akan a sura ta 7 ta littafin Joshuwa. Bayan cin birnin Yariko, wannan mutum ya ɓoye alkyabba da shekel 200 na azurfa da sandar zinariya daga cikin ganimar da aka haramta taɓawa. Sakamakon haka Bani Isra'ila suka sha kashi a yaƙin garin Ai, aka kashe musu mutum kimanin 36 waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da asirinsa ya tonu, an kai shi wani kwari tare da 'ya'yansa maza da mata da dabbobinsa, aka zartar da hukunci. Wasu malaman Yahudawa na dā sun ce an kai 'ya'yan ne don su gani su ɗauki darasi, amma sura ta 22 ta wannan littafi ta ce ba shi kaɗai ya halaka a kan laifinsa ba.

Labarin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne na littafin Sama'ila na biyu, sura ta 21. An yi yunwa ta shekara 3, aka ce dalili shi ne kisan da Sarki Saul, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu, ya yi wa mutanen Gibeyon, alhali akwai yarjejeniyar amana tsakaninsu da Bani Isra'ila. Saul ya riga ya mutu. Don haka aka miƙa mutum 7 daga 'ya'yansa da jikokinsa aka kashe su. Mahaifiyar biyu daga cikinsu, mai suna Rizfa, ta zauna a kan dutse tana korar tsuntsaye da namun daji daga gawarwakin tun farkon girbi har saukar ruwa. Marubucin bai yi sharhi a kan abin da ta yi ba, amma masu nazari da yawa na ganin ajiye labarinta a nan wata hanya ce ta nuna cewa akwai abin dubawa a cikin hukuncin.

Faɗuwar Birnin Ƙudus

Masana tarihi na ganin muhawarar ta yi tsanani ne a lokacin da dakarun Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, suka afka wa Birnin Ƙudus. A shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun kwashi sarki da manyan gari zuwa ƙasar da a yau ake kira Iraƙi. Kimanin shekara 10 bayan haka suka dawo suka rushe birnin da wurin ibadarsa.

Tambayar da ta addabi waɗanda suka tsira ita ce: laifin wa ya jawo wannan? Littafin Sarakuna na biyu ya ɗora alhakin a kan Sarki Manassa, wanda ya ce ya yi mulki na shekara 55 yana bautar gumaka da zubar da jinin bayin Allah. Matsalar ita ce Manassa ya mutu fiye da shekara 50 kafin rushe birnin, kuma jikansa Yosiya ya yi gyara mai yawa a addini, har littafin ya yabe shi fiye da sauran sarakuna. Duk da haka, in ji marubucin, fushin bai huce ba. Sarkin da birnin ya faɗi a hannunsa, Zadakiya, tattaɓa-kunnen Manassa ne, wato tsara ta huɗu idan aka fara ƙirge daga Manassa.

A wannan zamani ne wata karin magana ta yaɗu a bakin jama'a, wadda ma'anarta ita ce iyaye ne suka ci ɗanyen inabi amma a bakin 'ya'ya tsamin ya bayyana. Littafin Makoki ya ɗauko irin wannan kuka. Littafin Irmiya ya ce wata rana na zuwa da za a daina faɗin ta. Shi kuwa Ezekiyel, wanda yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Babila a 597, bai jira wata rana ba: ya ce a daina faɗin ta tun yanzu.

Ya buga misali da zuriya uku: mutumin kirki, ɗansa ɗan fashi mai zub da jini, da jikansa wanda ya ga halin mahaifinsa ya guje shi. Na farko zai rayu, na biyu zai mutu, na uku zai rayu. Daga nan ya ƙara da cewa ko a rayuwar mutum ɗaya, mugun da ya tuba ba za a tuna masa abin da ya wuce ba. Masu sharhi sun lura cewa manufarsa ita ce ya toshe wa mutanensa hanyar fakewa da laifin kakanni. Muddin sun ɗauka cewa bashin wasu suke biya, ba su da dalilin gyara halinsu, kuma ba su da abin sa rai.

Wani abin lura shi ne littafin Tarihi na biyu, wanda aka rubuta bayan na Sarakuna, ya sake ba da labarin Manassa ta wata fuska. A can an ce ya tuba kafin mutuwarsa, an kuma ɗora alhakin rushewar birnin a kan mutanen zamanin ƙarshe da suka yi wa manzanni izgili.

Yadda malamai suka yi ƙoƙarin daidaitawa

Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya raba tsakanin kotun ɗan Adam da hukuncin Ubangiji. Ayar Maimaitawar Shari'a sura ta 24 tana cikin jerin dokokin da aka ba alƙalai, kuma ana fahimtar nauyinta ne idan aka kwatanta ta da dokokin maƙwabta. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda Faransawa masu haƙa suka gano dutsensu a Susa ta ƙasar Iran a 1901, an tanadi cewa idan gida ya rushe ya kashe ɗan mai gida, ɗan maginin za a kashe. Wani masani Bayahude, Moshe Greenberg, ya yi bayani a 1960 cewa dokokin Attaura sun yi watsi da irin wannan ramuwa da gangan. Bisa wannan fahimta, alƙali ba shi da ikon taɓa ɗa saboda uba, amma abin da Ubangiji zai yi da al'umma a tsawon tarihi wani babi ne daban.

Sai dai wannan bayani bai warware batun Ezekiyel ba, domin shi a kan hukuncin Ubangiji yake magana. Nan ne malaman Talmud, babban kundin fiƙihu da tafsirin Yahudawa, suka kawo sharaɗi: ana kama 'ya'ya da laifin iyaye ne idan sun ci gaba da aikata shi. Sun dogara da cewa ayar Fitowa sura ta 20 ta ƙare da ambaton masu ƙin Ubangiji, suka ce wannan siffa ta 'ya'yan ce. Tsohuwar fassarar Attaura zuwa harshen Aramiyanci da ake jinginawa ga Onkelos ta shigar da wannan sharaɗi cikin ayar kanta, kuma fitaccen mai tafsiri Rashi, wanda ya rasu a Faransa a 1105, ya bi wannan hanya.

Akwai kuma masu cewa a bambance tsakanin laifi da sakamakonsa. A gidan Isra'ila na dā, tsara uku ko huɗu ne ke zaune a gida ɗaya ƙarƙashin mai gida guda, kamar dai gandu. Idan mai gida ya jawo yaƙi ko bashi ko kora, kowa a gidan zai ɗanɗana, ko da kuwa ba shi da hannu. Bahaushe ma ya riƙe zantukan biyu a lokaci guda ba tare da ya ga saɓani ba: yana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, yana kuma cewa wake ɗaya ɓata gari.

Duk da haka, waɗannan bayanai ba su rufe kowace ƙofa ba. Ba a ce 'ya'yan Saul sun ci gaba da laifinsa ba, kuma mutane ne suka kashe su, ba annoba ba. Watakila shi ya sa a wani wuri cikin Talmud, a babin Makkot, aka ruwaito wani malami mai suna Yose bar Hanina yana cewa Musa ya zartar da hukunce-hukunce huɗu a kan Isra'ila, annabawa huɗu suka zo suka soke su, kuma wannan na gadon laifi Ezekiyel ne ya soke shi. Ga mai karatu Musulmi wannan zai yi kama da abin da ake kira nasikhi da mansukhi.

Masanan jami'o'in Turai na farkon ƙarni na 20, irin su H. Wheeler Robinson na Ingila, sun ɗauka cewa Isra'ilawan farko ba su san mutum a matsayinsa na ɗaiɗai ba, sai a zamanin Ezekiyel aka gano hakan. An rage yarda da wannan ra'ayi tun bayan sukar da John Rogerson ya yi masa a 1970. Joel Kaminsky, a wani littafi da ya wallafa a 1995, ya nuna cewa ra'ayoyin biyu sun rayu kafaɗa da kafaɗa tun daga farko har ƙarshe. Hujja a nan ita ce littafin Irmiya da kansa: a sura ta 31 ya yi bushara da ranar da kowa zai mutu da laifinsa, a sura ta 32 kuma ya maimaita batun saka wa 'ya'ya laifin iyaye.

A Sabon Alkawari

Kiristanci ya gaji wannan muhawara, ya kuma ƙara mata wani sabon babi. A Linjilar Yahaya sura ta 9, almajirai sun tambayi Annabi Isa game da wani da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce babu ko ɗaya. Amma wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 5, ta danganta shigowar zunubi da mutuwa duniya da mutum ɗaya, wato Adamu.

A kan wannan ne Augustine, limamin birnin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya gina aƙidar zunubin asali, yana mai cewa dukkan 'yan Adam sun yi tarayya cikin laifin babansu. Abokin hamayyarsa Pelagius ya musanta haka, kuma taron limamai a Kartaj ya yi tir da ra'ayinsa a 418. Masana da yawa na ganin fassarar Latin da Augustine ya yi amfani da ita ta ba da ma'anar cewa kowa ya yi zunubi a cikin Adamu, alhali asalin Girkancin ya fi karkata ga cewa mutuwa ta game kowa saboda kowa ya yi zunubi. Majami'un Orthodox na gabas sun fi koyar da cewa abin da aka gada shi ne mutuwa da raunin hali, ba alhakin laifin ba. Ita ma majami'ar Katolika, a kundin aƙidarta na 1992, ta ce zunubin asali hali ne da ake samun kai a ciki, ba laifin da wani daga zuriyar Adamu ya aikata da kansa ba.

Ta fuskar Musulunci

Matsayin Alƙur'ani a kan asalin ƙa'idar a fili yake. A surori biyar, wato An'am da Isra'i da Faɗir da Zumar da Najmi, an nanata cewa babu ran da zai ɗauki nauyin wani, kuma Suratun Najmi ta ce wannan ƙa'ida tana cikin littattafan Annabi Musa da Annabi Ibrahim. Musulunci bai yarda da zunubin asali ba, domin Suratul Baƙara ta bayyana cewa an karɓi tubar Annabi Adamu (AS).

Amma malaman Musulunci su ma sun fuskanci tambayoyi masu kama da na malaman Yahudawa. Suratul Anfal ta yi gargaɗi game da fitinar da ba ta tsayawa a kan azzalumai kaɗai, Suratun Nahli kuma ta ce masu ɓatar da mutane za su ɗauki wani kaso na nauyin waɗanda suka ɓatar. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi gyara ga ruwayar da ke cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, ta kafa hujja da ayar ɗaukar nauyi. Imam Bukhari ya daidaita ruwayoyin da cewa hakan na faruwa ne idan kururuwar makoki al'adar mamacin ce tun yana raye. A fiƙihu kuma dangin wanda ya yi kisan kuskure ne ke haɗa diyya, kodayake malamai sun ce wannan taimakekeniya ce, ba ɗora musu laifi ba.

Abin da fassara ta haifar

Wannan muhawara ba ta tsaya a zauren malamai ba. A Linjilar Matiyu sura ta 27 aya ta 25, an ruwaito taron jama'a a gaban gwamnan Rum, Bilatus, suna ɗaukar alhakin jinin Isa a kansu da 'ya'yansu. Shekaru aru-aru ana amfani da wannan aya a Turai wajen kiran Yahudawa baki ɗaya masu laifi, kuma lokacin bukukuwan Ista ya sha zama lokacin kai musu hari. Sai ranar 28 ga Oktoba, 1965, shekara 20 bayan ƙarshen yaƙin duniya na biyu, babban taron Vatikan na biyu ya amince da takardar Nostra Aetate da ƙuri'a 2,221 a kan 88, wadda ta ce ba za a ɗora wannan alhaki a kan dukkan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Wannan takarda ce kuma ta yi magana da girmamawa game da Musulmi. Batun ya sake tasowa a 2004 lokacin da Mel Gibson ya fitar da fim ɗinsa The Passion of the Christ, inda bayan ƙorafe-ƙorafe aka cire fassarar wannan magana daga rubutun da ke ƙasan allo.

Misali na biyu ya shafi Afirka kai tsaye. A littafin Farawa sura ta 9, Ham ne ya yi laifi ga mahaifinsa Nuhu, amma la'anar bauta ta faɗa kan ɗansa Kan'ana. Nassin bai ambaci launin fata ba, kuma bai la'anci sauran 'ya'yan Ham ba. Duk da haka masu cinikin bayi da masu kare bauta a kudancin Amurka a ƙarni na 19 sun mai da shi hujjar bautar da baƙar fata.

Labarin ya shiga wasu littattafan Larabci ma, kuma ya gamu da masu ƙaryata shi. Ibn Khaldun ya ce Attaura ba ta ambaci baƙi ba a wannan wuri, ya danganta bambancin launi da yanayin ƙasa. A wajen shekara ta 1615, mutanen Tuwat da ke cikin Sahara suka aika wa Sheikh Ahmad Baba na Timbuktu tambayoyi game da bayin da ake kawowa daga kudu, ciki har da batun zuriyar Ham. A amsarsa, wadda aka sani da Mi'iraj al-Su'ud, malamin bai soke bauta gaba ɗaya ba, amma ya ce ba launi ko zuriya ke halatta ta ba. Ya lissafa Kano da Katsina da Borno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki 'ya'yansu ba.